Kundin aikin na'urar sauraron ƙasa

Asabar, 2 ga Nuwamba

Da sunan Allah na buɗe wannan kundi. Sana'ata ɗaura dish da gyaran risiba a Kano, kuma abin da zan haɗa daga kayan shagona zai fito: rediyomita, wato na'urar da ba ta tura komai, sai dai ta saurari ɗan raunannen sigina na maikurowef da ƙasa ke fitarwa da kanta.

Tun hunturun bara abin yake raina. Na raka kawuna filin jirgi, muka wuni zaune saboda hazo ya rufe gari, jirgin da zai ɗauke su bai samu sauka ba. A wurin na riƙa tunanin cewa wannan ƙurar da ta hana ido gani ba ta taɓa hana dish ɗin da na ɗaura kama tasha ba. Ruwan sama mai ƙarfi yana ɗauke hoto, amma hazo ko kaɗan. Dalilin a fili yake. Ƙwayar ƙurar hunturu 'yan maikuron ce, tsawon igiyar 11 GHz kuwa kusan santimita 2.7. Igiyar ta ninka ƙwayar sau dubbai, sai ta ratsa kamar babu komai a gabanta.

Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da maikurowef, sai dai ba daidai suke fitarwa ba. Busasshiyar ƙasa da ganye suna fitar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da zafinsu ya ba su dama. Ruwa, idan an kalle shi daga sama tsaye, bai kai kashi 40 ba. Ƙarfe kusan ba ya fitar da komai, madubi ne kawai. Abin da ya rage kuwa hoton sararin sama ne yake dawowa, kuma sama a wannan zango sanyi gare ta ƙwarai, 'yan digiri kaɗan a ma'aunin Kelbin (K), wanda ke farawa daga ƙarshen sanyi. Don haka a idon rediyomita kogi baƙi ne, gona fara, rufin kwano ya fi kogi baƙi. Idan jirgi yana ɗauke da taswirar wannan fari da baƙi, zai iya gwada abin da yake ji a ƙarƙashinsa da abin da ke cikin taswirar ya san inda yake, dare ko rana, cikin hazo ko gajimare, ba GPS, kuma ba tare da ya tura sigina kamar rada ba.

Jirgi dai ba ni da shi. Niyyata in ɗora na'urar a bayan a-kori-kura, in bi hanya ɗaya sau biyu, in ga ko zanen tafiya ta biyu zai gane wurinsa a cikin zanen ta farko.

Dish mai santimita 60 da mitar neman sigina akwai su a shago. LNB, wato kan da ke gaban dish mai karɓar sigina, sabo na saya, naira 4,500.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na yi odar kaya daga Legas: AD8318 mai auna ƙarfin sigina 14,000, ADS1115 mai mai da bolt lambobi 6,500, Arduino Nano, 'yar ƙaramar kwamfutar da za ta sarrafa su, 9,000, ma'aunin zafi DS18B20 guda biyu 3,000, gidan katin SD 2,500, kuɗin mota 3,500. Da LNB an kai 43,000.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kaya sun iso jiya. Kafin in taɓa su na fara gwadawa da mitar neman sigina kaɗai. Na ba LNB bolt 13, na ɗaga shi sama, na daidaita allura a tsakiya, sannan na kawo tafin hannuna gaban bakinsa. Allura ta tashi. Na janye, ta sauka. Shekaru ina ganin wannan a kan rufin mutane ina ɗauka hannuna ne ke dawo da siginar tauraro. Ashe ɗumin jikina ne na'urar ke ji. Na kira yaron shagona ya gwada, ya yi ta kai hannu yana janyewa har aka kira la'asar.

Da dare na liƙa sauran da dalma. LNB yana karɓar 10.7 zuwa 11.7 GHz ya sauko da shi 950 zuwa 1950 MHz idan ba a tura masa sautin 22 kHz ba. Na sa sifilita mai barin wuta ta wuce ta ƙafa ɗaya kawai: wuta ta shiga ta can, AD8318 ya zauna a ɗaya ƙafar. Shi wannan a juye yake aiki, sigina na ƙaruwa bolt na raguwa, kusan milibolt 25 a kowane dB, wato ma'aunin hawa da saukar ƙarfin sigina.

Kuskuren yau ɗaya ne, kuma ya ci min awa guda. Na kifa dish ina ganin ƙasa yake kallo, lambobi suka ƙi zama. Dish irin namu na gefe ne, inda yake kallo ya ɗara inda fuskarsa ta nuna da digiri ashirin da wani abu. Wato saman katangar maƙwabci yake kallo, rabi bango rabi sama. Na ɗaura sanda a gefen dish da ke nuna ainihin inda yake duba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ranar awo. Ana bukatar abu biyu da aka san zafinsu, mai sanyi da mai ɗumi.

Mai sanyin sama ce, amma a Kano ba ko'ina ake duba ba. Muna kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka layin taurarin talabijin ya taso daga gabas, ya bi ta kusan tsakar ka ɗan kudu kaɗan, ya faɗa yamma. Arewa kuwa a share take. Na juya can, digiri 60 sama, na ɗauka 15 K ne. A cikin wannan akwai 2.7 K da ya cika sararin samaniya baki ɗaya, wanda Penzias da Wilson suka ba da labarinsa a 1965, sauran kuma na iska ne da ɗan abin da ke zubowa daga ƙasa ta gefen dish.

Mai ɗumin kuwa baƙin soso na musamman ake amfani da shi, ni kuma gawayi na samu. Na sayi na 500, maiɗakina ta ara min tsohon turmi, muka daka muka tankaɗe, na cusa a roba mai faɗi kaurin yatsu uku, na soka ma'aunin zafi a ciki. Ya nuna 28°C, wato 301 K.

Sama: bolt 1.372. Gawayi: 1.257. Tazarar milibolt 115, kusan dB 4.6. Da na yi lissafi, hayaniyar na'urar ita kanta ta kai wajen 135 K. A jikin kwalin LNB an rubuta 0.1 dB, wanda da gaskiya ne da bai wuce 7 K ba. Wani kaso laifin haɗina ne, amma ba duka ba, kuma na daɗe ina gaya wa masu saye kada su biya ƙarin kuɗi saboda wannan lamba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Nan aikin ya tsaya min. Na bar na'urar tana kallon robar gawayi tun bayan asuba har magariba, tana rubutawa a kati. Gawayin ya tashi daga 19°C zuwa 33°C, bambancin digiri 14 ke nan. Na'urar kuwa ta ce ya sauka da kusan 60 K. Abu yana ɗumama tana cewa sanyi yake yi.

Na fara zargin batir, na auna, yana nan daram. Na canza kebul, na sake matse kawunan, babu canji. Sai washegari da na manna ma'aunin zafi na biyu a jikin LNB na ga zanen biyu suna tafiya tare kamar an ɗaure su: rana na dukan LNB, ƙarfin haɓakawarsa na raguwa.

A takarda na'urar nan tana iya bambance ƙasa da 0.1 K. Ƙa'idar ita ce a raba jimillar hayaniya da tushen faɗin zango sau lokacin saurare, kuma da 1 GHz da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, jimillar 430 K, wato hayaniyar na'ura da ɗumin gawayi, ta koma 0.04 K. Amma in ƙarfin haɓakawa ya motsa da 0.1 dB kacal, kashi 2.3 cikin ɗari ke nan na 430, wato 10 K. A wajen kallon talabijin babu mai lura da 0.1 dB. A nan kuwa shi ne bambancin kwalta da yashi.

Ba ni na fara cin karo da wannan ba. Robert Dicke ya magance shi tun 1946 a Amurka: ya sa na'urar ta riƙa juyawa tsakanin eriya da wani abu mai sanannen zafi, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, sai a ɗauki bambancin kawai. Makunnin lantarki mai aiki a 11 GHz ya fi ƙarfin aljihuna. Zan yi nawa da hannun inji: ɗan faranti mai gawayi ya riƙa zuwa gaban LNB yana komawa.

Na kuma lulluɓe LNB gaba ɗaya da farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji. Maikurowef na ratsa shi kamar iska, na gwada da shi da babu shi, lamba ba ta motsa ba.

Talata, 26 ga Nuwamba

Ɗan injin juya farantin (servo) na 6,000 ya yi minti arba'in haƙoransa na roba suka karye. Farantin ya yi masa nauyi. Na rage girman robar, na yi odar mai haƙoran ƙarfe, 9,500. Sauran kwanakin aikin shago ne, gidaje uku a Hotoro.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi. Kowane daƙiƙa 20 faranti yana rufe bakin LNB na daƙiƙa 2, Arduino ya karanta zafin gawayin ya gyara lissafi. Na maimaita gwajin wuni guda: kaucewa ta sauko daga 60 K zuwa ƙasa da 4 K. Abin lura, cikin soso LNB yana dafa kansa, sai ya yi kusan minti 35 kafin zafinsa ya tsaya. Daga yau ba zan karɓi wata lamba ba sai an kunna an jira.

Asabar, 7 ga Disamba

Na hau benen wani abokina da safe, dish yana kallon ƙasa a karkace digiri 45, bolt 18, wato sigina a kwance. Abin da na'urar ta gani:

Ganyen darbejiya mai duhu 287 K. Filin ƙwallo na yashi 274 K. Kwalta 261 K. Rufin kwano 43 K. Filin nan dai bayan na sa yara sun kwara bokiti shida a wuri ɗaya, 208 K.

Rufin kwanon ne ya fi tsaya min a rai. Hannu ba ya iya daɗewa a kansa don zafi, na'urar kuma tana ganin sa ya fi duk wani firji sanyi, domin ba kwanon take gani ba, saman da ke cikinsa take gani. Ke nan daga jirgi birnin Kano na yanzu zai fito da duhu-duhu a tsakiyar farin gonaki, kuma unguwar da ta rage da soron ƙasa za ta bambanta da wadda ta koma kwano.

Da yamma muka je wani kududdufi a cikin gari. Na fara gaida mai unguwa na yi masa bayani, ya haɗa ni da yaro ɗaya. Na tsaya a gaɓar yamma na juya dish gabas. Ina jiran ɗari da 'yan kai, sai na ga 410 K, can ya faɗo 190, can ya haura 500. Ruwa ba zai fi gawayi ɗumi ba. Na zaci kebul ya saki saboda jijjigar Keke Napep, na kwance na ɗaura, haka dai. Na rufe bakin da faranti, lamba ta dawo daidai. To na'ura lafiya lau take, abin daga ruwan yake zuwa.

Ina tsaye ina kallon gidajen da ke hayi sai na lura da dish-dish ɗin da ke kansu, da yawa gabas suka fuskanta, wasu ma da hannuna na ɗaura su. Daga Kano tauraron da ke digiri 36 gabas yana kusan digiri 55 sama, NigComSat-1R da ke 42.5 yana wajen 48. Ruwa madubi ne, ni kuma na kafa dish daidai inda hoton wannan yanki na sama ke faɗowa. Iska na kaɗa ruwan, hoton na rawa, lambar na tsalle. Talabijin nake kamawa daga cikin kududdufi.

Muka zagaya gaɓar kudu na fuskanci arewa: 118 K, a tsaye cak. Da na koma bolt 13, sigina a tsaye, ya zama 166 K. Haka ya kamata, ruwa ya fi fitar da na tsaye idan an kalle shi a karkace. Yaron ya ce, "Malam, ruwan namu lafiya kuwa?" Na ce masa na'urar ba ta san tsabta ba, ruwa kawai ta sani.

Doka ta biyu: duk hanyar da zan zaɓa sai mai tafiya gabas da yamma, dish yana kallon arewa.

Alhamis, 12 ga Disamba

Hazo ya sauko sosai, daga benen ba a hango Goron Dutse. Na rufe shago na koma can da na'ura. Wani dogon rufin sito da ke nesa, wanda ido ke gani dishi-dishi, ya fito da lamba kusan ɗaya da ta ranar Asabar, bambancin bai wuce kaucewar na'urar ba. Saman arewa ma haka. Na dawo bayan isha'i na sake aunawa cikin duhu: yashi ya sauka da kusan 9 K saboda ya huce, jerin kuwa bai canza ba, ganye a sama, kwano a ƙasa. Wannan shi ne abin da ya sa na fara aikin, kuma yau na gan shi da lambobina.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ban taɓa ƙarfe ba yau, lissafi na yi.

Faɗin kallon dish kusan 70 ne sau tsawon igiya a raba da faɗin dish. Nawa ya ba da digiri 3 da ɗan ɗori. Daga tsayin mita 1,000 tabon da zai gani a ƙasa ya kai mita 55. Manyan titunan saukar jirgi galibi mita 45 ne faɗinsu, don haka na'urata ba ta saukar da jirgi ba ce. Masu neman wannan suna hawa 35 GHz ko 94 GHz, inda iska ke da tagogi tsakanin wuraren da tururin ruwa ke shanye sigina a 22 GHz da iskar oksijin a 60 GHz. A 94 GHz wannan dish ɗin zai ga tabon da bai kai mita 7 ba. A Amurka an gwada kyamarori irin haka a shekarun 1990 don sauka cikin hazo mai laima.

Amma gane hanya daban, sauka daban. Don sanin inda kake tabon mita 55 ya wadatar: madatsar Tiga, kogin Challawa, gadar Wudil, bakin gari, duk za su fito. Dabarar 'yar'uwar TERCOM ce, wadda ke auna tudu da kwari da rada ta gwada da taswira. Ita tana son ƙasa mai duwatsu. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu daga nan har Haɗeja tudun kaɗan ne, ruwa da fadama da garuruwa ne suke bambanta wuri da wuri. A ganina nan ne sauraron maikurowef ya fi dacewa. Ga kuma yadda a 'yan shekarun nan matuƙa ke ta kai rahoton toshe GPS ko ruɗa shi a Gabas ta Tsakiya da yankin tekun Baltik. Abin da ba ya jiran sigina daga kowa yana da ranarsa.

Asabar, 21 ga Disamba

Mai walda ya yi min firam a 12,000. Ƙanena ya ba da a-kori-kurarsa shi ne kuma direba. Muka tafi yankin Kadawa, inda ruwan Tiga ke shayar da noman rani, muka sami hanyar burji mai kilomita 4 da ta miƙe gabas. A arewacinta akwai fulotan tumatir da alkama, ƙananan magudanai, wani tafki, 'yan shagunan kwano, sai wani dogon fili da ba a noma ba. GPS na waya yana rubutu a gefe, shaida ne kawai, ba ya shiga lissafi.

Mun bi sau uku. Kowane zane shi kaɗai gwanin kyau: tafkin rami ne mai zurfi, shagunan wasu siraran ramuka uku a jere. Da na ɗora su a kan juna a kwamfuta sai suka ƙi haɗuwa. Na ce a riƙe kilomita 20 a awa, amma ga rami, ga shanu, ga mai babur ɗauke da kwandunan tumatir. "Yaya, wannan hanyar ba ta riƙe gudu ɗaya," in ji shi, kuma gaskiyarsa. Ni na yi rubutun bisa lokaci, sai zane ɗaya ya miƙe wani ya takure. Jirgi yana da na'urar da ke ba shi gudunsa da alkiblarsa, rediyomita gyara kawai take yi mata. Ni na fita babu makamancin wannan.

Wata matsalar kuma, daƙiƙa 2 na faranti rami ne na mita 11 a zane, kuma sau ɗaya ya faɗa daidai kan magudana ta ɓace ɗungum.

Mai da abinci 21,000.

Alhamis, 26 ga Disamba

Maganaɗisu biyu a jikin ƙafar baya da ɗan firikwensin da ke ƙirga wucewarsu, 2,000. Na auna da tef, taya na cin mita 2.06 a juyi ɗaya. Yanzu rubutu bisa nisa yake. Faranti ya koma daƙiƙa 1 a kowane 30.

Asabar, 28 ga Disamba

Mun koma. Bi na farko shi ne taswira. Daga bi na biyu da na uku na riƙa yanko guntun mita 300, in ba kwamfuta ba tare da na gaya mata daga ina ba, ta ja shi a kan taswirar mita bayan mita ta faɗi inda ya fi dacewa.

Cikin guntaye 24, guda 19 sun faɗa ƙasa da mita 10 daga inda GPS ya ce, wanda shi kansa na waya yana da nasa kuskuren na 'yan mitoci. Biyar ɗin da suka ɓata, huɗu daga dogon filin nan ne da ba a noma ba. Can zanen a miƙe yake, 270 da 'yan kai daga farko har ƙarshe, ko'ina ya yi kama da ko'ina, ɗaya ma ta kai shi mita 700 gaba. Na biyar kuwa wata babbar mota ce da aka ajiye a gefen hanya bayan mun yi taswira, ƙarfenta ya haifar da ramin da babu shi a da.

Ƙanena ya ce in sake gwadawa yana kallo. Ya zaɓi guntu da kansa, kwamfuta ta ce kusa da shagunan kwano, ya duba waya ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah mai iko."

Mai 18,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Na je da taswirar 28 ga Disamba don in ga ko tana nan da ranta bayan mako biyu. Cikin guntaye 24, tara kaɗai suka gane wurinsu.

Na fara duba na'ura: sama da gawayi suna inda suke, tafki da shaguna ma sun fito daidai. Gonakin ne suka sauya fuska. Na sauka na bi su da ƙafa ina riƙe da zanen. Fulotin da ya ba da 275 K wancan karon yau 212 K, an sake masa ruwa da asuba, ƙasar har tana ƙyalli. Na kusa da shi da ya ba da 220 K yau ya haura 280 K, domin alkamar ta tashi ta rufe ƙasa, na'urar ganye take gani ba laka ba. Wurin da ya kasance rami ya zama tudu, tudu ya zama rami.

Wani dattijo mai gona ya same ni a tsaye. Na gaishe shi na nuna masa. Na ce, "Baba, yaushe aka ba wannan ruwa?" Ya ce yau, wancan shekaranjiya, na can kuma sai gobe in rabon ya zo kansu. Na duba lambobin: 212, 246, 271. Jerin nasa da nawa ɗaya ne. Ya ce shi da tafin ƙafa yake ganewa. Ya kuma tambaya ko abin zai iya gaya masa tun daga bakin hanya fulotin da ya fi jin ƙishi, don kada yara su riƙa ɓarnar man injin ban-ruwa. Tambayar ba ta bar ni ba har muka iso gida. Wannan dai shi ne aikin taurarin SMOS na Turai da aka harba a 2009 da SMAP na Amurka a 2015, suna auna danshin ƙasa a 1.4 GHz, inda igiya ta fi tsawo ta fi nutsewa cikin ƙasa. Abin da ya ɓata min taswira shi ne abin da su suke nema.

Ga mai son gane hanya kuwa maganar mai nauyi ce. Mako biyu na rani ne suka yi wannan. Ruwan farko na damina zai sauya dukan ƙasar a dare ɗaya, tafkuna su faɗaɗa, busassun rafuka su cika.

Mai 19,000. Jimilla zuwa yau 131,000.

Talata, 14 ga Janairu

Dare biyu a kan kwamfuta. Na daina ba ta zanen gaba ɗaya. Na ware abubuwan da ba sa sauyawa, wato duk ramin da ya sauka ƙasa da 170 K a tafiye-tafiyen biyu: tafki, manyan magudanai biyu, shaguna, wata kwalbati mai ruwa a ƙasa. Sai ta gwada tazarar da ke tsakaninsu kawai, ta manta da gonaki. Da guntun mita 300 ba kullum ake samun alama biyu a ciki ba, na tsawaita zuwa 800. Cikin 10, takwas sun dawo ƙasa da mita 15. Biyun da suka rage na filin nan ne, kuma na sa ta riƙa cewa ba ta sani ba maimakon ta yi zato. Ga jirgi amsar ƙarya ta fi rashin amsa haɗari nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wasu 'yan tsalle-tsalle na daƙiƙa biyu ko uku da ke fitowa ko ina kallon arewa. Taurarin intanet masu yawo ƙasa-ƙasa suna sauko da siginarsu a wannan zango na 10.7 zuwa 12.7 GHz, kuma su ba su da layi ɗaya a sama. Yanzu ina share su da lissafi.

Asabar, 18 ga Janairu

Abin da ke gaba. Zangon 10.68 zuwa 10.7 GHz an keɓe shi a dokar duniya don saurare kawai, ba a yarda kowa ya watsa sigina a ciki ba. A bayan LNB zai fito a 930 zuwa 950 MHz. Ina neman abin tace sigina na wannan wuri. Faɗin zai ragu zuwa 20 MHz, ƙwarewar ta koma wajen 0.3 K, wanda ya ishe ni. Damuwar ita ce eriyoyin GSM suna magana daga 935 zuwa 960 MHz, don haka sai akwatin ƙarfe da kebul mai kyau, in ba haka ba na gudu daga tauraro na faɗa hannun waya.

Zan ƙara LNB mai baki biyu don in karanta tsaye da kwance lokaci guda, tunda tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi a kan ruwa, a kan ganye kuwa kusan babu. Maganar ɗora ta a jirgi maras matuƙi na ajiye ta, dish ya yi nauyi kuma sai da izinin hukuma.

Zan koma Kadawa ranar 1 ga Fabrairu, sannan duk bayan mako biyu har ruwa ya sauka, hanya ɗaya, awa ɗaya. Dattijon ya ce zai sa jikansa ya riƙa rubuta ranar da aka ba kowane fuloti ruwa a gefen hanyar. Na saya masa littafi da biro, 700.